Ɗan Tsakani

A Aboabo, ɗakin sama mai kallon layin masu walda,
nan garmahon Kawu Ɗantani ya sauka bayan arba'in ɗinsa,
da faya-fayai sittin da uku a kwalin sabulu.
Na ɗora allura, faifai ya kama juyi.
Murya ta fito kamar ta wanda ya faɗa rijiya,
ga wani gunji a ƙarƙashinta, zuuu,
ka ce zuma ta yi saƙa a bayan lasifika.

Lantana ta ce, "Mai shi ya huta, bar shi ya huta."
Na yi kunnen uwar shegu.

Ran Asabar na naɗe faifai ɗaya a zanen gado
na nufi Adum, ƙarƙashin wani matakala,
wurin Wofa Kwarteng mai gyaran rediyo,
wanda ya tsinci Hausarsa a bakin mahautan Zango.
Ya saurari kukana, ya tura tabarau goshi.
"Allurarka lafiya lau. Raɗa take yi.
Tana son ɗan tsakani,
mai jin raɗa ya faɗa da ƙarfi, ba ya ƙara gishiri.
Na cikin garmahonka ya tsufa, ya fara ƙarya."

Ya ce masu buga faifai sukan matse kaurin sauti
don ya shiga siririn layi,
kamar kuɓewar da aka shanya.
Aikin ɗan akwatin nan ya mayar mata da ruwanta
daidai gwargwado. In ya zarce, miya ta tsinke.

Uku ya jera a kan benci.
Na farko bai fi gwangwanin kifi ba, sidi ɗari uku.
Baki gare shi, ba kunne.
Na biyu mai kwalabe ne, suna ja kamar garwashi,
sai an jira shi ya ɗumama kamar mai shayi.
Kuɗinsa hayar wata biyu,
kuma wutar Kumasi ba ta sallama in za ta tafi.
Amma daɗi! Ya shafa wa kiɗan man shanu,
har na fara lissafin abin da zan gaya wa mai gida.

Na ukun baƙi ne, ba ado, gefensa a goge,
daga hannun wani tsohon malamin makaranta a Bantama,
da ɗan noti a baya na ɗaure wayar ƙasa.
Wofa ya jona, ya koma kan kujerarsa.

Ganga ta dawo da cikinta.
Kakaki ya tsaya can hagu, inda yake tsayawa dā.
Wani ya yi tari kafin amshi, ban taɓa sanin yana wurin ba.
Sai ga shi: ƙas. Ƙas. Ƙas.
Tabon da na yi da cokali ina shekara bakwai,
ranar da Kawu ya ɗaga hannu
ya fasa, ya yi dariya, ya ce, "Ka sa hannu a waƙar."
Mai kwalabe ya lulluɓe min shi.
Wannan ya miƙo min shi tsirara.

"Nawa?"
Ya faɗa. Na taya. Ya ce albarka.
Muka ja har la'asar ta sanyaya,
ya sallama, ya yi min gyaran waya kamu guda.

A tiroto na rungume shi a cinya
daga Kejetia har gida.
Na ɗaure wayar ƙasa, na murɗa noti,
zumar ta kwashe kayanta.

Lantana ta tsaya a bakin ƙofa, ludayi na ɗiga.
Ba ta ce komai ba har gefen farko ya ƙare.
Ta ce, "Juya."
Ina juyawa aka ɗauke wuta.
Muka zauna a duhu, faifai a hannuna,
masu walda ma sun yi shiru.