Abin Da Gara Ba Ta Ci

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a Jega.
Ban tara shanu ba, ban sayi fadama ba,
littattafai na tara, akwati uku.

Na farko gara ta shige shi ba sallama,
ta bar mini bango da jar ƙasa.
Na biyu ya tafi shekarar da gulbi ya kwana ɗakinmu,
shafuka suka manne kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Na uku yana nan lafiya lau,
sai dai idona ya biyo ni ritaya,
baƙaƙe suka koma tururuwa, suna gudu in na matso.

Ran wata Juma'a jikata Tasalla ta sauka daga Birnin Kebbi,
mayafinta duk warin albasar motar da ta hau.
Ta ɗora mini wani abu a tafin hannu,
bai kai faifai faɗi ba,
bai fi kofin shayi nauyi ba.

Na ce, waya ce kuma?
Ta ce, a'a, Baba Nomau.
Wannan ba ya ƙara, ba ya kira,
ba mai turo maka hoton biki.
Karatu kaɗai ya sani.
Na ce, nawa yake ɗauka?
Ta ce, littafi dubu, in ka so.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ta kama yatsana kamar yadda na kama na 'yan aji ɗaya:
taɓa dama, shafi ya wuce,
taɓa hagu, ya dawo.
Sai ta matsa wani wuri,
baƙaƙen suka fara ƙiba a gabana,
daga gero zuwa dawa,
daga dawa zuwa wake.
Na ce, tsaya nan.
Na karanta layi guda, da ƙarfi, har ƙarshensa.
Shekara shida rabona da haka.
Ta juya baya, wai tana neman cajarta.

Yanzu na san halinsa.
Da azahar, gindin dogon yaro,
rana ba ta wanke rubutunsa,
fuskarsa takarda ce, ba madubi ba.
Da dare in an ɗauke wuta
yana da ɗan haskensa mai kunya,
wanda ba ya tada Ige daga barci.
Sau ɗaya nake kai shi shagon mai caji a tasha,
ya yi mini sati uku bai ce yunwa ba.
Kalma in ta yi mini gardama
sai in danne ta da yatsa,
ta faɗi ma'anarta da bakinta.
In gyangyaɗi ya sace ni,
yana riƙe mini inda na tsaya,
ba sai na karya tsinken tsintsiya ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da nasa.
Ba ya ƙamshin tsohuwar takarda.
Ba na iya miƙa wa Malam Dantani littafi ɗaya ta katanga
in riƙe sauran.
Na Hausa kuwa a cikinsa,
nama ne a miyar ƙarshen wata.
Na ce wa Tasalla, ki gaya wa masu rubutu,
akwai ɗaki, ba kaya.

Har yau nakan lashi yatsa kafin in juya shafi.
Ige ta daina yi mini dariya.

Jiya da safe na ga gara ta ja hanya a bango,
tana hawa, ta nufi tagar da nake ajiye shi.
Ban ɗauko kalanzir ba.
Na gyara zama, na ce,
hau, tsohuwar abokiya,
hau ki ɗanɗana.