Rabin Harara

Litinin, rana ta hau kwanon aji,
na buɗe littafin Ingilishi, shafi na arba'in da ɗaya.
Kalmomi biyar aka jera na ɓacin rai a fuska,
kowace da zanen Bature mai jan kunne.

Na rubuta ta farko a tablo, na furta: faraun.
Mutari daga bencin baya ya ɗaga hannu:
"Mushe, Fir'auna?"
Aji ya kece da dariya.
Na ce ba ka yi nisa ba, ɗana,
wanda ya haɗe girar sama da ta ƙasa
ai ya ɗan taɓa sarautar Masar.

Sikawul, gileya, siniya,
ta biyar ta maƙale musu a leɓe.
Na ce to, ku rufe kaye, ku ba ni namu.

Cima ta ce harara.
Falmata ta zumɓura baki, ta ce ga ta nan, rubuta.
Ɗaure fuska, murtuke ta, turɓune ta,
shan kunu, cin magani, gatsine,
kallon uku saura kwata,
kallon hadarin kaji.
Wani ya ja tsaki, na ce wannan na kunne ne.
Ya ce, "Mushe, ka taɓa ganin tsaki da sakakkiyar fuska?"
Alli ya ƙare, su ba su ƙare ba.

Barira ta ce, "Mu ba a littafi muka koya ba.
Zo famfon unguwarmu ran da ruwa ya kwana tara bai zo ba,
layin jarka tun asuba,
ka tsallake mutum ɗaya, ka gani."

Da la'asar na bi ta Zengo,
na ratsa tsakanin duwatsu, na shiga Birni.
Baba na zaure, inda na bar shi.

Tsawon rayuwarsa yana ɗinkin alabe da kube,
bai taɓa dukana ba, bai buƙata.
In ɗinkina ya karkace
sai ya ɗago ido ta saman tabarau,
girar dama ta sauko, leɓe ya matse,
basilla ta suɓuce daga hannuna.
Ran da na ce lakwal zan bi, ba fata ba,
kallon da ya yi mini
na nemi sunansa a Faransanci,
na nema a Ingilishi,
na nema a Hausar da na sha a nono.
Babu.

Bara, bayan sallar layya, ciwo ya shanye masa ɓarin jiki.
Fuska ta rabu biyu kamar goro,
ɓari ɗaya na barci, ɗaya na gadi,
mai gadin ma ya ajiye sanda.
Wata goma sha ɗaya ba fushi, ba fara'a.
Jikoki na wasa da jar fatarsa a gabansa,
ba wanda ya ce musu kul.

Yau na tarar maɗaurin takalminsa ya tsinke.
Na ɗauko basillar, ta yi tsatsa,
na zauna gabansa da hannun da ya saba da alli.
Ɗinki ya tafi kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na ɗago.
Girar dama ta motsa.
Ta sauko sannu, kamar guga a rijiya mai zurfi.
Ido ɗaya ya tsaya kan ɗinkin,
ya dawo kaina, ya tsaya.
Gefen baki ya ɗan matse.

Na ce Inna, Inna, zo ki gani!
Ta fito da ludayi a hannu, kunu na ɗiga,
ta ce me ya faru?
Na ce Baba ya harare ni.

Ga ni, ɗan shekara arba'in da uku,
malamin yara ɗari biyu,
ina dariya, hawaye na ɗiga kan fata.
Na warware ɗinkin gaba ɗaya,
na lashi bakin zare, na sake farawa,
na karkata shi da gangan.