Tulu Mai Tsagaggen Baki

Asabar da hantsi, Marwa.
Astajam na rako, ba zama na zo yi ba.
Babura uku na jirana a bakin Mayo Kaliyawo,
ɗaya tun Laraba ya ƙi tashi.

Sai matar da ke ƙofar gidan tarihin
ta miƙo mini takarda kamar mai ba baƙo ruwa.
Na ce, "Ni? Ai bakanike ne ni."
Ta ce, "Tabarma ba ta tambayar sana'a. Zauna."

Muka yi da'ira, mu kusan ashirin,
wani bai gama famfara ba,
wata kuwa haƙoran sun daɗe da yi mata sallama.
A tsakiya tulu ɗaya, baƙi, mai tsagaggen baki,
wai daga duwatsun Mandara ya sauko
tun ba a haifi kakan mai gadi ba.
Ba malami, ba bulala, ba mai cewa ka ɓata.
Ga gawayi a ƙwarya, kowa ya ɗiba.

Hamajoda, tsohon ma'aikacin gidan waya,
ya kanne ido ɗaya yana auna tulun da babban yatsa
sai ka ce taya shi zai yi.
Wani ɗan mitsitsi, Tumba, ya yi wa nasa ƙafafu huɗu,
ya ce ya gaji da zama, gida zai tafi.
Astajam ta cika nata da ruwa
har da tarwaɗa a ciki tana murmushi.

Iya Falmata ba ta zana tulu ba sam.
Hannuwa biyu ta yi, a buɗe, suna fuskantar juna,
tsakaninsu fari fat.
Da na leƙa sai ta ce,
"Haka uwata ke riƙe yumɓu."
Ba ta ƙara ba. Ni ma ban tambaya ba.

Nawa kuwa?
Hannun da ke kwance inji ido rufe
ya kasa jan layi ɗaya ya dawo inda ya faro.
Cikin ya karkace, wuyan ya yi na raƙumi,
ga kuma baƙin mai, wanda sabulu ya gaji da shi,
ya buga tambarin yatsana a gindin tulun.
Na kama takardar zan ninke.
Tsohuwar ta dafe mini hannu:
"Bar shi. Inuwarsa ce."

Na ƙara yatsa, na ƙara wani,
sai tulun ya zauna daram a ƙasa.
Sannan ne na ga tsagar bakin da kyau,
yadda ta gangaro, ta yi shakka, ta tsaya.

Da aka kira azahar
aka shanya mu a igiya kamar wanki:
tuluna sha tara da hannuwa biyu,
ba ɗaya da ya yi kama da ɗan'uwansa.
Mai tsagaggen bakin bai ce an yi masa ƙarya ba.

Na koma ƙarƙashin darbejiyata.
Babur ɗin Laraba na nan yadda na bar shi.
Ban ɗauki sifana ba tukuna,
na zauna na dube shi, dogon dubawa,
har na hango siririyar tsaga a tiyon mai.

Astajam ta ce, "Baba, wata Asabar fa?"
Na ce aiki ya yi yawa.
Ta yi dariya, tana kallon aljihuna,
inda guntun gawayi ya riga ya tona mini asiri.