Mariƙin Buta

A Ikeja, hawa na uku, saman rurin injin narka roba,
shekara sha ɗaya ina zana abin da kowa ke taɓawa:
kujera, murfin kula, kunnen bokiti.
Sunana Tasalla. Ba ya jikin ko ɗaya.

Buta ce ta fi ba ni wuya.
Baba a Agege yatsunsa sun ƙage,
in zai yi alwala sai ya rungume ta kamar jinjiri.
Na auna tafinsa da zare yana barci,
na kwaɓa yumɓu sau ashirin da bakwai.
Manaja ya ce, "Roba ta yi tsada, rage kauri."
Na rage a gindi. Mariƙi kam, na kafe.

Ran Asabar ba ni ba fensir.
Ina kasuwar 'yan gwangwan, tsatsa har gwiwar hannu,
ina cinikin matattun rediyoyi.
Daɗina in kwance bayansu
in ga inda wani marar suna irina
ya ɓoye dabara ƙarƙashin noti.
Tara gare ni. Biyu ke magana.

Jiya kan doguwar gada motoci suka cushe.
Yaron wata danfo ya diro zai shayar da inji,
riƙe da shuɗiyar butata,
ta koɗe, an ɗaure murfin da waya.
Yatsunsa huɗu suka shige
kamar shi na auna.

Baba bai kai ga riƙe ta ba.

Na ciro biro, na rubuta a tafina:
a gyara murfi.