Ɓera Mai Lamba Talatin da Ɗaya

A Anyang, hawa na uku, biyar na asuba,
kafin masu taliya su hura wuta,
ni ke buɗe ɗakin ɓeraye.
Farare fat, idanu kamar 'ya'yan rumman,
sun san ƙarar makullina.

Mako ashirin ina ba su abin.
Tun ranar farko Farfesa Nie ya ce mini:
"Guizhi, wannan shi kaɗai bai iya kisa ba.
Baƙo ne da ya zo hannu rabbana.
Jiki ne ke cewa bari in narkar da shi in fitar,
garin narkarwa ya wasa masa kaifi."
Garin gyaran gira, ido ya tafi.

Ran Laraba na talatin da ɗaya ya daina ci.
Ya ɗauki ƙwaya, ya jujjuya, ya ajiye.
Haka babana ya yi
a ƙauyenmu, gindin duwatsun Taihang:
ya bar burodi ya koma taliya,
ya bar taliya ya koma kunun gero,
ya bar kunu, sai ruwa,
ruwan ma ya tsaya bakin ƙofa yana sallama
ba a amsa ba.

Na tsaga maƙoshin bisa ƙanƙara.
Bai kai igiyar takalmi kauri ba.
Ƙari huɗu a jere, kamar tsabar shinkafa.
Ƙarin a kwalba guda, lafiyayyen nama a guda,
hanta a ta uku.
Na ɗiga gubar, na saita agogo.

Allurar na'ura ta zana tsaunukanta a takarda.
Lafiyayyen nama ya hau can ƙololuwa, aiki ba ji ba gani.
Ƙarin kuwa ɗan tudu, shi ma da ƙyar.
Ashe wanda gubar ta haifa
ya kusa manta yadda ake dafa ta.
Ya ci gado, ya kashe murhu.

Farfesa ya ce a maimaita,
ɓera ɗaya ba ya zama shaida.
Gaskiyarsa.
Na rubuta lambobi, na wanke almakashi.

Da rana na buɗe kwanon da innata ta aiko:
kabeji mai tsami daga tulun bayan ɗaki,
wanda take kwashe farin samansa
ta ce sauran lafiya lau.
Na daɗe ina kallonsa.
Shinkafar kaɗai na ci,
loma ɗaya, a hankali,
ina sauraron saukarta.