Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A Agege, ranar sunan ɗan Yaya Kande,
Lamidi mai kyamara ya bi taro da ido ɗaya,
ya wuce tukwanen shinkafa, ya wuce masu alwala,
sai ga Baba.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ya gyara hula,
ya faɗi wata magana da ƙarar janareto ta cinye,
ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda,
kan wani yaro ya tare shi.
Shi ke nan.

Shekara ashirin da bakwai kaset ɗin na ƙasan akwati
tare da rasitin haya da ƙwayar kafur,
har na kai shi Ikeja, wani saurayi
ya juye mini mahaifina cikin waya,
ya karɓi dubu uku, bai ko dube shi ba.

Yanzu in danfo ya tsaya cak a kan gada,
masunta can ƙasa suna jan koma,
kwandasta yana zagin hadari,
sai in taɓa gilashi da yatsa:
Baba ya gyara hula.
In ja baya, ya sake gyarawa.
Ba ya gajiya,
shi da gwiwa ta hana hawa bene daga baya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
a da ina da shi da yawa.
Ina da shi a teburinsa bakin tashar jirgi,
tabarau manne a ido ɗaya, yana tonon cikin agogon mutane.
Ina da tarinsa na asuba,
da yadda yake kiran sunana ya cinye ƙarshen.
Yanzu duk sanda na kira shi a zuci
da shuɗiyar rigar nan yake zuwa.
Kande ta rantse rigar fara ce,
daɗewa ce ta rina kaset.
Na fi yarda da kaset. Allah ya yafe mini.

Jaririn da aka raɗa wa suna ran nan
yana jan tirela daga Apapa.
Ni kuwa bana na girmi mutumin da ke cikin wayata
da shekara biyu,
na fi shi furfura.

Har yanzu ina bin leɓensa.
Wata rana sai in ga kamar ya ce, ku ci abinci.
Wata rana, ina yaron nan ya shiga?

Mota ta motsa.
Na sa shi a aljihu, hannunsa a sama,
bai gama korar ƙudan ba.