Rijiyar da Ban Haƙa Ba

Kwana tara famfon Garin Malam bai ko yi tari ba.
Jarkoki sun yi sahu tun daga bakin masallaci,
ni kuwa ina kwance da rijiya a ƙasan cibiya.

Haihuwa shida ta bar mini fata tana reto.
In bazara ta zo sai ƙarƙashinta ya saɓule,
zaman keken ɗinki ya gagare ni.
Likita ya rage abin da ya yi yawa,
ya haɗa baki da baki, ƙugu zuwa ƙugu.
Na duba aikin da idon tela. Layi ya miƙe, ba laifi.
Amma tsakanin yadi da shafi an bar aljihu,
shi kuwa ba ya son zama wofi.

Ran Talata Majo Gaptiya ta soka allura,
ta ja, ta juye, ta sake ja.
Launin man gyaɗa, sirinji huɗu da rabi.
Na koma gida sakayau.
Ran Asabar na juya kan katifa, na ji ɓulum.
Ya dawo, ko sallama babu.

Ta ce, damara dare da rana.
Kar ki ɗaga ko tukunya.
Kar ki matsa, ba ƙurji ba ne.
In wurin ya yi ja, in zazzaɓi ya leƙo,
ki zo ko da tsakar dare ne.

Autata Laure ta ware shafin ƙarshe na littafin lissafinta:
huɗu da rabi,
huɗu,
uku,
huɗu kuma.
Ranar ban iya kallon Majo ba,
ni na san jarkar da na ja a ɓoye.

Tasalla ta leƙo ta katanga:
“An ce kin fi Arunguza ruwa, a sammana guga!”
Na rungume matashi na yi dariyar rabin ciki,
ɗinkin yana ja mini kunne.

Atamfofin mutane na nan cikin buhu, ban taɓa ba.
Shekara ashirin ina gama riga a wuni guda.
Nama ya ce shi daga ciki yake ɗinki,
kuma ba a ba shi ranar karɓa.

Jiya, ɗaya da rabi.

Cikin daren nan famfo ya yi kaki.
Ina jin gudun silifa, ƙarar bokiti, faɗan layi.
Na ɗora tafi kan damara, na juya a hankali,
na kasa kunne.
Shiru.
Na sake juyawa, don ban yarda ba tukuna.